Ranar da na je ɗaukar hoton zaki a gidan zu na Landan

Salamu alaikum 'yan uwa na gida, ya aiki ya iyali. Tun da na saka hoton zakin nan a sitatus mutane ke ta tambayata a ina na same shi, wasu har cewa suke ko daji na shiga, to ba daji ba ne, gidan zu ne na nan Landan, kuma tunda na yi alkawarin zan riƙa ba ku labarin kaya da yadda ake yi wa mutum hidima a ƙasar nan bari in faro muku tun daga kan kyamarar.

Ta hannu na saya ta intanet, Nikon ce tsohuwar yayi da dogon baki mai zuƙo abu daga nesa. Kafin ka biya sun rubuta maka komai, inda ta goge, sau nawa aka taɓa danna ta, ga garanti na wata shida, kuma dokar ƙasar ta ba ka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya a shago ta intanet in bai kwanta maka ba, ba rantsuwa ba kiran shaidu. Mu kun san yadda tokunbo take, a gaban mai shago za ka gwada, kana fita to kai da sa'arka. Amma fa can akwai ciniki, ka taya a ce albarka ka ƙara a sallama, nan kuwa abin da aka rubuta shi za ka biya babu ragin ko sisi, in kuma ta lalace bayan garanti kuɗin gyara kaɗai sai ya sa ka haƙura da ita, alhali a Kano mai gyara zai buɗe cikinta ya tashe ta kana zaune a benci.

Gidan zun yana cikin Regent's Park, na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Camden Town na taka kamar minti goma sha biyar. Tun 1828 aka buɗe shi, ku lissafa. Tikitin babba ya haura fam 30, wallahi da na juya shi zuwa naira sai da na yi jim, don a gidan zu na Audu Bako da abin da bai kai kuɗin faranti ɗaya na shinkafa ba kake shiga. Sai daga baya na gane ba gwamnati ke riƙe da wurin ba, ƙungiyar agaji ce, kuɗin ƙofar nan da shi ake ciyar da dabbobin ake biyan likitocinsu. A waya tikitin yake, a haska a ƙofa ka wuce, ba turereniya. Abinci a ciki tsada gare shi amma ba a hana ka shiga da naka.

Abu na farko da na nema na rasa shi ne mai hoto. Ku tuna ranar Sallah a Zoo Road, kana shiga za su tare ka da kyamara a wuya, Alhaji a ɗauka, Hajiya ki gyara mayafi, a tsayar da yara a gaban keji, kafin ku gama zagaye an wanko muku. Kawuna ya yi wannan sana'ar shekaru kuma a hannunsa na fara riƙe kyamara. Nan babu ko ɗaya a bakin kejin zaki, kowa da wayarsa ko kyamararsa, har da wasu tsofaffin Turawa da kayan da ko 'yan jarida albarka, suna tsaye shiru awa guda ba mai ce wa wani kanzil.

Wurin zakunan an buɗe shi a 2016, Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe, an yi shi kamar wani ƙauyen Indiya har da tashar jirgin ƙasa da shaguna da rubutunsu a bango, don zakunan na Indiya ne. Fili ne babba da ciyawa da duwatsu da lungunan ɓuya, kuma nan ne bambancin da ya fi tsaya min a rai, wato ka biya kuɗinka amma ba wanda zai taso maka zaki, in ya ga dama ya shige bayan dutse to sai dai ka jira, ba mai jifansa da tsakuwa ba mai buga ƙarfe, ko gilashin ka ƙwanƙwasa ma'aikaci zai zo cikin ladabi ya ce ka bari. Da farko raina ya ɓaci, ƙarfe goma na shiga ana buɗewa, ga sanyin Nuwamba yana cin yatsuna, ga shi ƙarfe huɗu ake rufewa a lokacin kuma haske na gudu da wuri, abin da nake gani kawai bayan zaki ne a kwance. Ashe zaki na iya kwashe awa 16 zuwa 20 a rana yana hutawa.

Wani dattijo da ke gefena shi ya koya min dabarar gilashi, da hannu ma ya fi yi min bayani. Ka manna bakin kyamarar a jikin gilashin ka kare gefe da tafin hannu, in ba haka ba kanka da mutanen bayanka za ka ɗauko, kuma baƙar riga ta fi don fara tana haskawa a gilashi. Filasha a kashe, tana damun dabba tana kuma ɓata hoton. Inda raga ce sai ka matsa daf da ita ka zuƙo sosai ka buɗe idon kyamarar, in dabbar na can nesa da ragar sai ka ga wayoyin sun narke kamar babu su. Sannan ka saita a kan idon dabbar, in ido ya fito fes to hoto ya yi.

Wajen sha biyu da wani abu zakin ya tashi. Ya yi miƙa, ya yi wata hamma da na ga har ƙarshen haƙoransa, ya tako a hankali ya zo ya tsaya bai fi taku huɗu da ni ba, numfashinsa na yin tururi a sanyi, ga wani ɗan tabo a gefen hancinsa da karan ciyawa maƙale a gezarsa. Hannuna na rawa na danna ya kai sau ashirin, uku ne suka fito, ɗaya shi ne wanda kuka gani. Gezarsa ba ta cika kamar ta zakunan Kenya da ake nunawa a talabijin ba, kunnuwansa a waje suke, kuma yana da wata fata da ta ninku a tsawon cikinsa, alamar irinsu ke nan.

Na leƙa wajen taiga ma, wadda mu duk damisa muke ce mata amma ita zane-zane ne a jikinta ba ɗigo-ɗigo ba, ta tsibirin Sumatra ce. An yi musu tafki da duwatsu masu ɗumi na lantarki saboda sanyi, kuma tana yawan kwanciya a kansu to a nan ake samunta. Hotonta bai yi min kyau ba, haske ya riga ya tafi.

Abin da na dawo gida ina ta juyawa shi ne, zakin Indiyan nan a duk duniya yankin dajin Gir kaɗai ya rage masa a jihar Gujarat, a ƙidayar 2020 guda 674 ne, kuma masana sun ce shi da zakin Afirka ta Yamma dangi ɗaya ne, sun fi kusa da juna a kan na Kenya da Afirka ta Kudu. Wato ɗan uwan namu ne na Yankari. Namu kuwa binciken da aka fitar a 2014 ya nuna kusan 400 suka rage a duk yankin, mafi yawansu a dajin W da ke tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso da dazuzzukan da ke manne da shi, sai 'yan tsiraru a Senegal da Kainji da Yankari. Na tsaya a gaban na Indiya an gina masa gari guda a tsakiyar Landan, namu kuma yara da yawa a Bauchi ba su ma san yana nan ba, abin ya taɓa ni ƙwarai.

In Allah ya kawo ni hutu da rani da kyamarar zan taho, Yankari nake son zuwa. 'Yan uwa na Bauchi don Allah wanda ya shiga dajin kwanan nan ya faɗa min ko masu gadi na ganin sawunsa, kuma wane wata ya fi dacewa a je.