Kamfanin da ke dasa bishiya da sunanka: aiki tsaf, amma turare zalla

Tsarinsu ba wuya. Ka yi rajista a manhaja, duk wata su cire kuɗi, su dasa bishiyoyi da sunanka, su turo maka hoto da taswirar wurin. A nan ba ni da ta cewa. Manhajar ba ta sarƙewa, takardar shaida tana zuwa a kan kari, in ka yi tambaya kuma mutum ne ke ba ka amsa.

Hotunan ne suka sanyaya mini jiki. Bishiyoyi sahu-sahu kamar sojoji a fareti, tsayi ɗaya, kauri ɗaya, ƙarƙashinsu fayau sai busasshen ganye. Itacen turare ne, wato eucalyptus, daga farko har ƙarshe. Na gane dalili: yana saurin girma, kuma mai biyan kuɗi yana son ganin kore da wuri. To amma tallarsu cewa take suna farfaɗo da daji. Dajin Allah kuwa hawa-hawa ne, manyan itatuwa a sama, matasa a tsakiya, sarƙaƙiya da ruɓaɓɓen icce a ƙasa, kowane hawa da tsuntsayensa da ƙwarinsa.

Da na matsa, ba su ɓoye mini ba: sarewa za a yi a sayar wa masu yin takarda. A Brazil ma turare bai cika wuce shekara 7 ba ake sare shi. Ke nan iskar kabon mai ɗumama duniya da ya zuƙa, wadda dominta na shiga tsarin, za ta koma sama da zarar takardar ta ruɓe ko ta ƙone. A 2019 masanin muhalli Simon Lewis da abokan aikinsa sun nuna a mujallar Nature cewa, a matsakaicin lissafi, daji na asali yana riƙe kabon ninki 40 na irin wannan gona. Ga kuma haɗarin zuba iri guda a fili guda. A Jamus, tun farin 2018, ƙwaro mai cin ɓawo ya yi ta cinye gandun itacen spruce, wani itacen katako na ƙasashen sanyi, ɗungurungum, don babu wani iri a tsakani da zai tare shi. Gobarar Pedrógão Grande a Fotugal, wadda ta kashe sama da mutum 60 a 2017, cikin itatuwan turare da na fain (pine) ta yi ta gudu.

Ba ina ƙin gonar itace ba ne. Katako da takarda dole su fito daga wani wuri, gara a noma su da a kwantar da tsohon daji. Mai son sa hannu a noman katako zai ji daɗin kamfanin nan. Ni dai na dakatar da nawa biyan, na rubuta musu cewa zan dawo ranar da suka buɗe tsarin cakuɗa itatuwan asalin wurin, tare da rubutaccen alkawarin ba za a sare ba.