Daga Jamus zuwa Daura: kada a cire wa Marsandin nan ƙafafunta

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, har da su Hajiya da yara. Na ga hoton doguwar Marsandinka, bayanta ya zauna har taya na neman ɓuya. Ka ce makanike ya ba da shawarar a cire komai a sa shokozoba irin na kowa. Don Allah a dakata.

Irin wannan mota, wagon ɗin W124 da aka fara ƙerawa a 1985 aka daina a 1996, ba shokozoba irin na kowa gare ta a baya ba, wasu ƙafafu ne masu aiki da mai a madadinsu. Injin ne ke juya famfo, famfon ya tura mai ta tiyo zuwa wani bawul da ke ƙarƙashin mota. Wani ɗan siririn rodi ya haɗa hannun bawul ɗin da sandar ƙarfen da ta ratsa tsakanin tayoyin baya. Idan aka loda mata buhunan gero daga kasuwar Mai'aduwa ta durƙusa, rodin ya ɗaga hannun, mai ya shiga ƙafafun, ta miƙe da kanta. Akwai kuma tuluna biyu masu iskar nitrojin, su ke shanye gargada.

A nan Jamus na ga yadda wani dattijon makanike Bajamushe ya bi tawa, don ni ma irinta nake ja. Bai ɗauki sifana ba sai da ya buɗe bonet ya duba tankin man da famfon ke turawa. Sannan ya hau da ita kan rami, ya kwance rodin, ya sa aka tada injin, ya tura hannun bawul sama da yatsa. Baya ya tashi a hankali. Nan take ya ce famfo lafiya, ƙafafu lafiya, tsatsa ce ta cinye kan rodin, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Da ba ta tashi ba, sai a tuhumi famfo ko bawul. Idan kuma ta tashi ta kwana ta sake zama alhali babu ɗigon mai a ƙasa, bawul ɗin ne ke yoyo ta ciki, ko sifirin ya gaji. Tulunan da kowa ke saurin zargi ba su ke sa mota zama ba. In sun mutu, tsalle take yi kamar amalanke a kan burji, man tanki kuma ya ragu.

Ka gaya wa makanikenka a kan rami ake wannan gwaji, ba a kwance ƙarƙashinta ba, don in hannun ya yi ƙasa motar na iya sauka a kan mutum.

Wajen kayan gyara, Jamusawa sun fi mu nesa ba kusa ba. Lambar shasi kawai za ka ba su, su kawo maka ainihin abin, ba wanda za a ce maka "zai shiga" a Ƙofar Ruwa ba. Amma kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, sai ka nemi rana tun da wuri, kuma yawancin garejinsu ba sa buɗe bawul su canza roba, sabo za su ɗaura. Yaran garejin Katsina kuwa za su warware shi su mayar kafin la'asar. Hannu muna da shi, gwaji kafin kwancewa ne ba mu saba ba. Su a nan duk shekara biyu sai an duba lafiyar mota, ƙafar da ke zubar da mai ba ta wucewa, shi ya sa ba a barin abu ya kai inda taka ta kai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai. Nata na musamman ne, ZH-M ake ce masa. Man burki lalata robobin yake yi, man giya ma ba nata ba ne. Ka tambayi yaron da ke wanke ta ko wani ya taɓa ƙara mata wani abu. Zan ba mai zuwa gida rodi da robobin bawul ya taho da su, man kuma zai biyo kaya ta ruwa. Kafin nan a rage mata lodi, kuma ka turo mini hoton tankin da na ƙarƙashinta.