Shekara guda da ɗaukar mai adaidaita yana kai mini yara makaranta a Maraɗi

Lokacin da muka tashi daga gidan haya na Bagalam muka koma namu da muka gina a can bakin unguwar Ali Ɗan Sofo, ban yi lissafin cewa tazarar makarantar yara za ta zama babbar matsalar gidan ba. A tsohon gari yaro da ƙafarsa yake zuwa ko'ina, amma Maraɗin yau ta wuce wannan. Tun ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka hau tudu da garin, faɗaɗa yake ta yi, har ƙidayar 2012 ta sami mutane sama da dubu 267 a cikinsa, kuma duk wanda ya ga yadda gonakin gero na jiya suka koma filayen awo ya san an ƙaru sosai tun daga nan. Saboda haka na yi yarjejeniya da wani matashi mai adaidaita ya riƙa ɗaukar yarana uku safe da rana, ina biyansa a ƙarshen wata.

Na zaɓi adaidaita ne a kan kabu-kabu don dalili guda, wato ba zan iya ganin an jera ƙananan yara uku a bayan babur, ƙaramarsu a kan tanki, ana ratsa cunkoson bakin Babbar Kasuwa da su ba. Keken nasa ƙirar Bajaj ne, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kano, inda sunan ma ya samo asali daga shirin A Daidaita Sahu na zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Yana da rumfa, yana da labulen leda a gefe, kuma amfanin labulen nan sai a watan Janairu ya bayyana, sa'ad da ƙurar hunturu ke mayar da ƴan makarantar da ke bisa babura kamar an tono su daga rami.

Abin da ya fi burge ni da shi cika alkawari ne. Ƙarfe bakwai da kwata yana ƙofar gida, ba ya matsa ham, sai dai ya yi sallama ya ce, "Baba, ina kwana, sun shirya?" Wata rana ƙaramar ta manta kwanon abincinta a ƙarƙashin kujera, bayan la'asar sai ga shi ya dawo da shi a wanke, ya kuma ƙi karɓar ko dala ashirin na ruwa. Irin wannan ba a rubuta shi cikin yarjejeniya, amma shi ne ya sa hankalin uwarsu ya kwanta.

Sai dai akwai inda aikin ya gaza, kuma ba duka ne laifinsa ba. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa gidanmu rairayi ne zalla, ƙafafun keken kuwa ƙanana ne, don haka sau da yawa sai babban yaron ya sauka ya tura, ya isa aji da gumi da ƙasa a wando. Da ruwan farko ya sauka a watan Yuni, kwana biyu a jere ya tsaya a bakin kwalta ya kira ni a waya in fito da su, abin da ya rushe amfanin kuɗin da na biya. Wanda na ɗora masa kai tsaye shi ne lodi: a tsakiyar shekara na gano ya ƙara yaran maƙwabta huɗu ba tare da ya shawarce ni ba, har biyu suna zama a gefensa a gaba. Da na yi masa magana bai musa ba, ya ce keken ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗin yini kafin ya ga nasa. Na fahimci uzurin, amma ban karɓe shi ba, muka tsaya a kan yara biyar, babu kowa a gaba.

Batun farashi ma yana da tushe. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man ruwa-ruwa na kwalba da ake samu da araha ta hanyar Ɗan Isa ya daina zama abin dogaro, kayan gyaran da ke zuwa daga Kano su ma suka yi tsada bayan rufe iyaka a shekarar ta 2023. Sau ɗaya ya nemi ƙarin jika biyu, kuma ya sanar da ni wata guda kafin lokaci, wanda na ga ya yi adalci.

Ga wanda gidansa ke kusa da kwalta, ina ba da shawarar wannan tsari ba tare da jinkiri ba, muddin an faɗi adadin yara tun ranar farko a gaban shaida. Mu na cikin rairayi kuwa, na sabunta yarjejeniyar don komawar watan Oktoba, da sharaɗin cewa duk ranar da ya tsaya a bakin kwalta za a cire kuɗinta daga lissafin wata.