Ƙaramar tarakta a jihar Tawa: wace iri, da wane kayan aiki, da kuɗin wa?

Yawancin masu neman tarakta da ƙarfin doki da sunan kamfani suke fara tambaya. Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce: awa nawa motar za ta yi tana aiki a shekara? Damina a Adar gajeriya ce, huɗa da kaftu ba su wuce ƴan makwanni tsakanin Yuni da Yuli, banki kuwa ba ya dakatar da lissafinsa don ruwa ya ɗauke. Taraktar da za ta yi aikin wata biyu ta kwanta wata goma a ƙarƙashin bedi ba za ta fid da kuɗinta ba, kowace ƙasa ce ta ƙera ta. Wanda ke kwarin Magiya ko na Tarka, wajen Galmi, Madawa, Tsarnawa ko Ƙwanni, ya fi kowa dalilin saye, domin bayan damina akwai gyaran ƙasar albasa daga Oktoba zuwa Disamba, sannan dakon buhuna a Maris da Afrilu.

Ƙasar da za ka noma ita za ta zaɓa maka girman mota. Jigawar gero ba ta bukatar ƙarfi, kuma gaskiya ba ta son garma mai faifai: in ka birkice rairayi da zurfi kowace shekara, iskar farkon damina za ta kwashe albarkar ta bar ka da fili, ga kututturan gawo da sabara da aka yi renonsu da wahala za su tafi a banza. Lakar fadama kuwa in ta bushe ƙarfi take nema, in ta jiƙe tana riƙe taya. Fakon tudun Adar mai tsakuwa, irin na wajen Keita da Buza, wani abu ne daban, shi ƙarfe mai haƙori da zai tsaga shi ruwa ya shiga yake so.

Mafi ƙanƙanta shi ne injin nan mai ƙafa biyu da mutum ke bi a baya, mai ƙarfin doki 8 zuwa 15. Kada ka rena shi. A garakar albasa da aka yanka fangali-fangali, da rijiyoyi da tiyo ko'ina, yana shiga inda babbar mota ba ta iya juyawa, yana jan ƙaramar tirela, kuma makanikin da ya san injin nika ko injin ban ruwa zai iya buɗe shi. Aibinsa gajiyar da mai riƙe shi da kuma jinkiri, hekta ɗaya kan ci yini guda ko fiye. Mai hekta biyu ko uku wanda ba ya niyyar yi wa mutane aikin kuɗi, nan ya kamata ya tsaya.

Sai masu ƙarfin doki 20 zuwa 30. Suna da kyaun gani, ba su shan mai, amma a ganina su ne suka fi sa mai saye nadama: sun yi wa garka girma, sun yi wa aikin haya ƙanƙanta. In har ka nace a kan wannan aji, ka nemi mai jan ƙafa huɗu, don mota mara nauyi mai jan baya kaɗai tayarta kan yi ta juyawa a laka ba ta tafiya.

Wanda zai noma tasa gonar ya kuma yi wa maƙwabta, ajin doki 40 zuwa 50 ne nasa. Yana ɗaukar garma mai faifai biyu, haro, injin marmashe ƙasa mai faɗin mita ɗaya da rabi, da tirela ta tan 2 zuwa 3. Mai doki 75, irin Massey Ferguson 375 da ta cika arewacin Najeriya, ta fi sauri da faifai uku, sai dai ita ma cikinta ya fi girma, kuma ba ta da amfani a ƙananan filaye irin na gandun noman rani na Ƙwanni, inda sama da hekta 2,000 ke rabe gutsure-gutsure tsakanin manoma masu yawa.

Batun asalin mota, ga yadda nake auna shi. Sababbin Indiya, irin Mahindra da Sonalika, da Massey Ferguson 240 da ake haɗawa a Pakistan, an yi su ne don zafi da ƙura da direba mai ƙaramin sani. Famfon mansu na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a ciki. Na Sin, irin YTO da Lovol, sun fi araha, kuma ingancinsu ya danganta sosai da wanda ya shigo da su. Kafin ka yi ciniki, ka ce dila ya nuna maka filta da kuloci da bel a kan kanta, ba a cikin waya ba. Tsofaffin Turai irin Massey Ferguson 135 mai injin Perkins silinda uku suna da rai tara, kayan gyaransu kuma ana samu har Sakkwato da Kano, amma mota mai sama da shekara arba'in sai a hannun mai haƙuri. Waɗanda za ka kauce musu su ne na Turai na baya-bayan nan masu kwamfuta da matatar hayaƙi: gazuwal ɗin jarka mai ruwa da ƙasa yana kashe musu nozul, na'urar duba su kuma ba kowane gari take ba. Ƙananan Kubota da Yanmar da Iseki da aka yi amfani da su a Japan injinsu garas ne, sai dai don gonakin shinkafar can aka yi su. Lambobinsu sukan saɓa da na kasuwar waje, wasu ma maƙalar bayansu ba ta karɓar kowace garma. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya da yawa ta Lome da Burkina suke zagayowa, saboda haka ƙaramin ƙarfe da ka yi oda daga waje zai iya isowa bayan an gama shuka.

In ta hannu za ka saya, ka je da sassafe ka taɓa injin ka ji yana da sanyi kafin a tayar, don injin da ya gaji da zafi yake ɓoye halinsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai ne. Baƙin mai da ya koma kalar madara, ruwa ya shiga. Ka ɗaura garma a ɗaga ta sama a kashe injin. In ta sauko da kanta cikin ƴan mintoci, haidirolik ya gaji. Agogon awa ana iya taɓa shi, amma sulɓin feda da girgizar sitiyari ba su ƙarya. Ka duba tayoyin baya da kyau, domin canza su biyu kuɗi ne mai tsoka. Kuma ka haɗa lambar da ke jikin mota da wadda ke takardar duwan. Motar da ta tsallako daga Illela ba takarda, babu bankin da zai karɓe ta jingina.

Kayan da ake ɗaurawa a baya su ke kawo kuɗi, kuma nan mutane suka fi yin sake: su zuba duk abin hannunsu a mota, su dawo gida da garma ɗaya tak. Garma mai faifai biyu faɗin cinta kusan rabin mita ne. A tafiyar kilomita 5 a awa, da juye-juyen bakin gona, hekta ɗaya kan ci awa biyar. Haro mai faɗin mita ɗaya da rabi yana gama hekta cikin ƙasa da awa biyu, shi ya sa masu aikin haya suka fi sonsa. Injin marmashe ƙasa mai wuƙaƙe shi ke bai wa mai albasa ƙasa mai laushi a tafiya ɗaya, amma a ƙasa mai duwatsu wuƙaƙen ba su kai labari. Da ni ne, bayan haro tirela zan saya kafin komai. Ita ce ke aiki wata goma sha biyu: taki zuwa gona, albasa zuwa rudu (rumbun ajiyarta) ko kasuwa, karan dawa, bulo, yashi, tankin ruwa. Injin sussukar gero da dawa da tarakta ke juyawa shi ma yana cike watannin kaka. Cokalin loda ƙasa na gaba kuwa tsada gare shi, yana gajiyar da ƙafafun gaba, kuma manomi kaɗan ne ke da aikin da zai biya shi.

Abu biyu za ka auna da hannunka kafin ka biya kuɗin kowane kayan aiki. Maƙalar baya mai hannu uku aji-aji ce: aji na 1, na ƙananan motoci, fil ɗinsa na ƙasa milimita 22 ne, aji na 2 kuwa 28. Garmar da aka ƙera don 375 ko ta shiga, nauyinta zai ɗaga gaban ƙaramar mota. Na biyu, sandar da ke juyawa a baya, PTO, ta zama mai juyi 540 a minti da tsagi shida, kuma ta kasance da murfinta. Babbar riga ko rawani kusa da sandar nan tana juyawa hatsari ne na rai.

Yanzu kuɗi. Ɗauki misali kawai: ka ci bashin miliyan 10 na sefa, ruwa 12 cikin ɗari, shekara 4, biya sau ɗaya a shekara. In ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage, kusan miliyan 3 da jika 300 za ka riƙa biya, jimillar ruwa wajen miliyan 3 da jika 200. In kuwa a kan uwar kuɗin farko ake lissafawa har ƙarshe, ruwan miliyan 4 da jika 800 ne, alhali a baki duka biyun "sha biyu cikin ɗari" ake ce musu. Ka nemi a rubuta maka jadawalin biya gaba ɗaya, da kuɗin buɗe takarda da inshora da haraji. Sannan ka raba biyan shekara da awannin aiki. Motar da ta yi awa 600, kowace awa tana bin ta jika 5 da rabi na banki kaɗai, kafin mai da direba da gyara. In awa 300 ta yi, jika 11 ne. Ka gwada wannan da abin da masu tarakta ke karɓa a garinku. In bai fita ba, haya ta fi maka saye, kuma babu abin kunya a ciki.

Ƙofofin bashi ba ɗaya ba ne. BAGRI bankin noma ne, ya fi sanin kalandar manomi, sauran bankunan kasuwanci kuma sukan nemi takardar fili ko gida. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, da ta fara aiki a 2014 ta sa iyakar ruwa 15 cikin ɗari ga bankuna, 24 ga ƙananan asusu, saboda haka asusu ya dace da tirela ko haro, bai dace da mota guda ba. Akwai tsarin raba nauyi da wasu shirye-shiryen noma suka yi aiki da shi, wanda FISAN, asusun gwamnati na zuba jari don wadatar abinci da aka kafa a 2017, ya ginu a kansa: manomi ya kawo kaso kaɗan, a ba shi tallafi na wani kaso, sauran ya zama bashin banki. Sharuɗɗan suna canzawa, ka je ofishin majalisar manoma ta jiha a Tawa ka ji abin da ke buɗe bana da irin kayan da ya shafa. Haka ma in gwamnati ta fito da taraktoci masu rangwame, kamar yadda aka sha yi ta hannun CAIMA, hukumar samar da kayan aikin noma, ka tambayi wane ne zai kawo kayan gyara bayan shekara biyu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ruwa ba, akwai murabaha a Bankin Musulunci na Nijar: banki ya sayi motar ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. Nan ma jimillar kuɗin za ka duba.

Abin da ya fi adadin ruwa muhimmanci ga mai albasa shi ne watan biya. A Maris da Afrilu kasuwa cike take, buhu ya faɗi. Wanda bashi ya matsa a lokacin dole ya karyar. In za ka iya ajiya a rudu, ka nemi a sa ranar biya bayan farashi ya ɗaga, a kuma ba ka ƴan watanni na farko ba biya. Biyan wata-wata na ma'aikaci ne mai albashi.

Saye a ƙungiya yana rage nauyi, amma ran da ruwan shuka ya sauka kowa gonarsa yake son a fara. Sai an rubuta layi tun rani, an sa mutum ɗaya ya riƙe makulli da littafi, kuma kowane memba ya biya kuɗin awa kamar baƙo.

Ko kai kaɗai ne, ka ware aƙalla kuɗin man wata guda da na gyaran farko kafin ka sa hannu. Direba kuma kada a biya shi da yawan hekta kawai, don zai yi ta gudu ya bar giris. A ƙurar hunturu filtar iska kullum ake kaɗe ta, lagireto a hure masa ƙaiƙayi, baƙin mai a juye shi kusan kowace awa 250 ko yadda littafin motar ya faɗa, gazuwal kuma a bar shi ya kwana a ganga datti ya kwanta kafin a tace a zuba. Ranar karɓar mota, ka sa dila ya ɗaura kowane kayan aiki a gabanka ya shiga gona da shi, ya kuma rubuta a takardar garanti ko makanikinsa zai zo har garinku ne ko kai za ka ɗauko motar zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 daga Tawa.