Laim, toka ko takin gida: abin da ya dace manomin Kaduna ya saya wa ƙasa mai tsami

Manoma da dama a Kachia, Kagarko da Lere suna kokawa cewa gona ta gaji, ana zuba mata kamfa da yuriya duk damina amma masara ba ta cika buhu. Sau da yawa tsamin ƙasa ne ke jawo hakan. Ruwan sama mai yawa, musamman a kudancin jihar, yana wanke sinadaran kalsiyam da magnesiyam daga ƙasa, yuriyar da ake zubawa shekara da shekaru kuma tana ƙara tsamin. Idan pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin aluminiyam yakan narke ya takure saiwa, fosforas kuma ya maƙale a jar ƙasa shuka ba ta samunsa. Saboda haka ƙarin buhun kamfa a irin wannan gona asarar kuɗi ce, sai an fara rage tsamin.

Toka tana rage tsami kuma tana da fotashiyam, amma tokar murhun gida ba za ta ishi kadada guda ba. Kashin shanu da na kaji da suka ruɓe sosai suna gyara jikin ƙasa su riƙe danshi, ba na raina su, sai dai aikinsu a kan tsami yana da jinkiri. Jifsam kuwa, wato farin garin da ake yin filasta da shi, ba ya rage tsami ko kaɗan.

Abin da nake ba da shawara a saya shi ne laim na noma, wato dutsen farar ƙasa da aka niƙa, kuma idan an samu na dolomait ya fi, domin yana ɗauke da magnesiyam tare da kalsiyam. Ana watsa shi ne tun kafin huɗa, wata ɗaya zuwa uku kafin shuka, a cuɗanya shi da ƙasa, domin ba ya gangarawa ƙasa da kansa. Zubi ɗaya yana aiki na shekaru. Kada a haɗa shi da yuriya lokaci guda, domin naitirojin zai bi iska. Yawan da za a zuba kuwa gwajin ƙasa ne ke faɗa. A kai samfuri Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ko a nemi malamin gona. Ƙasa mai yashi ba ta ɗaukar abin da laka ke ɗauka, kuma idan aka wuce gona da iri masara za ta rasa sinadarin zinki.

Matsalar tana wurin saye. Wani dillali ya taɓa sayar mini da farin gari a buhu mai kyakkyawan rubutu, ashe garin filasta ne aka gauraya da yashi, gonar citta ta wuce damina ba canji. Kafin a biya, a buɗe buhu a murza garin a tafin hannu. Na ƙwarai laushi gare shi, mai tsakuwa zai daɗe bai narke ba. A ɗiga masa ruwan lemun tsami: laim na gaske yana kumfa, dolomait yana yi a hankali, jifsam da yashi ba sa motsi. A guji farar ƙasar magina da aka ƙona, tana ƙona hannu da tsiro. A ɗora buhu a sikeli, domin mai rubutun kilo 50 yakan zo da ragi, kuma ɗinki biyu a bakin buhu alama ce an buɗe an sake cikawa. Dokar ingancin taki ta 2019 ta haramta irin wannan algus, don haka a nemi rasit mai sunan shago, wanda ya ƙi bayarwa a bar masa kayansa.