Bel ɗin gwiwar hannu ko injin tausa? Ɗauki bel

Ɗan'uwa, tsakanin bel ɗin ɗaure hannu da injin tausa mai caji da kake tambayar wanne za ka saya don ciwon gwiwar hannu, ni dai duka biyun na saya, kuma wallahi ɗaya ne kawai ya ci kuɗinsa.

Kafinta ne ni, guduma da sukudireba kullum. Ciwon nan ya kama ni daidai kan ƙashin nan da ya turo ta cikin gwiwar hannu, ko gaisawa aka yi aka matse min hannu sai na ji shi har ka, buta ma ta gagare ni ɗauka lokacin alwala. Wata mai fisiyo, masu gyaran gaɓoɓi da atisaye a asibiti, ce ta min bayani, wai naman da ke lanƙwasa wuyan hannu da damƙe yatsu a nan jijiyarsa ta maƙale, yawan damƙa da murɗawa ne ke sa ta gaji. Turawa suna danganta ciwon da masu wasan golf, mu kam a wajen masu daka da jan guga da matse wanki muka fi ganinsa.

Bel ɗin siriri ne, kuma ba kan ƙashin ake ɗaura shi ba, kamar yatsu 2 zuwa 3 ƙasa da gwiwa, kan nama. Ranar da na fara sa shi na iya gama wata ƙofa da ta yi sati tana kallona a shago. Lokacin aiki kawai nake sawa, in na tashi na cire, kada ka matse har yatsu su kumbura. Amma fa shi kaɗai ba ya warkarwa, atisaye ne ya ƙarasa min: ka ɗora hannu kan tebur tafi na kallon sama, ka riƙe ƙaramar robar ruwa, ɗaya hannun ya taimaka ka ɗago wuyan hannun, sai ka sauke a hankali, kamar sau 10 zuwa 15. Da yamma ƙanƙara a tsumma minti 15. Sai haƙuri, abin watanni yake ɗauka.

Injin kuwa, yana daɗi a kafaɗa, iyakarsa kenan. Yanzu yara ke wasa da shi.

Ka kula da masu tallan nan da ke cewa belinsu na da maganaɗisu ko tagulla, wai kwana 3 ka warke, su ninka maka kuɗi a banza. Haka mai kemis da zai ce zo a maka allura a wurin, ka ƙi, sauƙinta na ɗan lokaci ne kuma aikin likita ne.

Sayi bel na talaka mai maƙalewa. In ƙaramin yatsanka da na kusa da shi suna mutuwa ko suna zir-zir, to wata jijiyar ce da ta bi ta wurin, bar batun saye-saye ka je ka ga likitan ƙashi, in kana Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan.