Na biya kuɗin littafi a guruf ɗin WhatsApp, ga yanda na same shi

Tun da na ce na shiga guruf ɗin littafi na kuɗi ƙawaye suke ta tambayata wai ya abun yake, ya ci kuɗinsa ko asara ce, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da amsa saƙo ɗaiɗai. Sunan marubuciyar da na littafin ba zan faɗa ba, don ba talla na zo yi mata ba kuma ba ɓata ta na zo yi ba, tsarin nake so mu duba, kuma kusan duk masu sai da littafi a waya haka suke yi sai ɗan bambancin da ba a rasa ba.

Da farko shafukan kyauta ake saki, a Wattpad da Facebook da duk guruf ɗin da aka samu, kina karantawa kina jin daɗi ba ki san tarko ba ne, daidai inda miji ya shigo da akwatunan lefen amarya uwargida ba ta da labari sai kawai ki ga an rubuta a ƙasa da manyan baƙi, nan shafukan kyauta suka ƙare mai son ci gaba ta biya. Sai lambar asusun banki, naira 500 guruf na kowa da kowa, 1000 na VIP, wadda ba ta da asusu ta tura katin waya, 'yan Nijar kuma an ba su lamba daban su tura sefa ta Nita ko Amana. Na yi tiransifa na ɗauki hoton shaidar biya na tura mata, kafin in gama wanke-wanke an saka ni. Wannan ɓangaren gaskiya ba ni da ƙorafi, ba a ja min rai ba. Bambancin VIP ɗin kuwa bai wuce su suna samun shafi biyu a rana mu ɗaya ba, ni dai na kowa da kowa na shiga don haƙurina ya kai.

Duk wadda ta yi karatun littattafan Hausa na takarda ta san 500 ba kuɗi ba ne a kan abun da ake ba mu. Da can labari ɗaya raba shi ake yi na ɗaya na biyu na uku wani har na huɗu, kowanne ɗan siriri, a kawo su daga Kano, ki saya ko ki karɓo haya wajen mai shago ki karanta da sauri ki mayar kafin kuɗin kwana ya hau kanki, in kin gama na biyu kuma ki zauna wata da watanni kina jiran na uku saboda marubuciya ba ta haɗa kuɗin ɗab'i ba. Tun wajen shekarun 1980 haka harkar take, ita ce malaman jami'a suka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano. Marubuciya sai ta nemi mai buga mata a kwamfuta, ta nemi maɗaba'a, ta kai wa dillalai a kasuwa bashi sannan ta yi ta sintirin karɓar kuɗinta. Yanzu mace tana ɗakinta da goyo a baya za ta yi taifin da babban yatsa ta saki, alat ya shigo mata kai tsaye babu dillali a tsakani, babu neman izinin fita zuwa kasuwa. Wallahi ko don wannan kaɗai ina murna da zuwan wayar nan, mata da yawa da ba za su taɓa ganin sunansu a bangon littafi ba yanzu da rubutu suke sai wa 'ya'yansu sabulu.

Amma abun da na gane bayan na zauna a ciki shi ne ba littafi na saya ba, gurbin zama na saya a wajen da ake rubuta littafin, kuma waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne ko kusa. Lokacin da na biya ita kanta marubuciyar ba ta gama labarin ba, kullum take rubuta shafin ranar ta saki bayan isha'i. Guruf ɗin a rufe yake wuni guda admin kaɗai ke iya magana, tana sakin shafi sai ta buɗe ta ce to bismillah a zubo sharhi, in babu sharhi gobe babu fostin. Kai jama'a. Kafin in kai rabin shafin saƙo ya haura ɗari, wata ta turo muryarta tana kuka da gaske wai Anti don Allah kar ki bari ya saki uwargida, wata tana tsine wa namijin kamar mijinta ne, an rabu gida biyu 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya har da gorin aure tsakanin matan da ba su taɓa ganin juna ba. Daɗin da na ji a nan ba zan ɓoye ba, na yi dariya har maigidan ya leƙo yana tambaya lafiya, kuma akwai daren da wata baiwar Allah ta ce abun da ya samu uwargidan nan shi ya same ta sak, nan take aka bar labarin aka koma ba ta baki da addu'a har wajen sha biyu. Littafin takarda bai taɓa ba ni wannan ba, shi ki karanta ki rufe ki yi tsakinki ke kaɗai.

Sai dai labarin shi ya biya kuɗin wannan hirar. Marubuciyar nan ta koma kamar mai girki da baƙi suka cika mata kicin, wannan ta ce ƙara gishiri waccan ta ce ya yi yawa, ita kuma duk sun biya ta ba ta son ɓata wa kowa. Tun daga shafukan kyauta duk mai hankali ta ga inda aka dosa, amaryar nan ba muguwa ba ce, yarinya ce da aka aurar don talaucin gidansu, kuma abun da ya ja ni na biya kenan don na gaji da labarin kishiya mai bin boka. To 'yan bayan uwargida sun fi yawa sun kuma fi baki, kullum sai sun yi ca, sai ga shi a tsakiyar littafi ba gaira ba dalili an wayi gari amarya tana bakin bukkar boka da ƙullin magani a jaka. Ba wani abu da ya faru a baya da zai kai ta can. Na bi Antin ta gefe na ce Anti ya haka, yarinyar nan ba halinta ba ne, ta amsa min cikin mutunci ta ce ƙanwata in ban yi haka ba cinye ni za su yi, kuma littafi na gaba ba za su saya ba. Ban ga laifinta sosai ba, amma daga ranar na daina ɗokin isha'i.

Ga kuma ja. Tunda kullum dole a saki shafi ko akwai abun faɗa ko babu, sai a cika shi da kwalliya, shafi guda cur ana lissafa leshin da ta saka da turaren da ta fesa da kalar labulen falo da motar da ya fito a ciki, biki ɗaya ya ci mana mako, kamu rana ɗaya dina rana ɗaya buɗar kai rana ɗaya. Kuma da yake abun da aka saki ya saku, babu komawa baya a gyara, WhatsApp minti 15 kawai yake ba ka ka gyara saƙo bayan ka tura, sai ka ga yaron da aka raɗa wa suna a farkon littafi ya koma wani sunan daban a ƙarshe, kakar da muka yi zaman makokinta ta dawo tana ba da shawara a ɗakin haihuwa. Da muka yi magana dariya aka yi aka ce Hajiya Kaka ta ƙi mutuwa. Babu mai gyara da ya karanta kafin a saki, mu masu biya mu ne masu karatun farko mu ne na ƙarshe.

Rubutun kansa kuwa sai haƙuri. Zan ya koma xan, ƙauna ta koma qauna, na ya koma nah, da ya koma dah, kalmomi a manne da juna babu waƙafi babu aya, ga Turanci ana cusawa a bakin tsohuwar ƙauye. Ni ba malamar Hausa ba ce kuma nima in ina hira haka nake yi wani lokacin, amma hira daban littafin da aka karɓi kuɗi a kansa daban. Abun haushin ma allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ɓ da ɗ da ƙ duk suna nan a saka shi kawai ake buƙata, kuma rashin ƙugiyar nan ba ƙaramin abu ba ne, akwai inda na tsaya ina tunanin ƙasa ake nufi ko kasa, ɗaki ne ko daki. Ƙanwata da ke sakandare irin wannan rubutun ta fi gani fiye da na littafin makaranta, ranar da na duba littafinta na Hausa na ga xuwa da idona. Shi ya sa nake ganin amfanin gasa irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, ko ba komai duk mai son shiga dole ta zauna ta daidaita rubutunta ta kuma taƙaita labari, kuma da yawan masu shiga daga cikin marubutan waya suke fitowa, wato iyawar tana nan matsi ne babu.

Sata kuma ita ce ciwon marubutan, na gani da idona na tausaya. A saman kowane shafi sai ta rubuta Allah ya isa ga duk wadda ta fitar mata da littafi, amma kafin gari ya waye shafin jiya yana yawo a guruf ɗin 'yan unguwarmu kyauta, wata ce a cikinmu ta biya 500 take kwafewa tana rabawa don a ce mata ta gode. Ana gama littafin wasu suka haɗe shi fayil guda suka watsa, wasu suka ɗora a YouTube ana karantawa da murya ba tare da an tambaye ta ba. Da guruf ɗin WhatsApp mutum 256 yake ɗauka yanzu ya kai 1024, to ta ina za ta gane ɓarauniya a cikin wannan taron. Wasu marubutan sun koma Telegram saboda can ana iya hana kwafa da turawa, wasu sun koma manhajojin sai da littafi irin ArewaBooks, amma masu karatu sun saba da WhatsApp, ko datar kowa ma ta WhatsApp ce. Mu da muka biya har gori ake mana wai mun yi asara tunda ga shi a banza, ni dai ban ɗauke shi asara ba, matar nan ita ta hana idonta barci.

Wani abun da ban yi tunaninsa ba sai daga baya shi ne ina littafin yake yanzu. Na takarda da na saya tun ina budurwa suna nan a kwali a gidanmu, bangon ya yage amma ana karantawa. Wannan kuwa yana warwatse a tsakanin dubban saƙonni da sitika da muryoyi, in ina son komawa shafi na 20 sai na yi ta ja sama har yatsa ya gaji, ga hotuna da tallan kayan mata da atamfa sun cika min waya, kuma bayan an gama aka rushe guruf ɗin aka ce mai son cikakke a haɗe ta ƙara kuɗi. Ko manhaja ma ba tabbas ba ce, OkadaBooks da aka kafa a 2013 wadda wasu marubutanmu suka zuba littattafansu a ciki ta rufe a ƙarshen 2023. Labarai nawa ne na shekarun nan za a nema nan gaba a rasa, ba a ɗakin karatu ba ba a kasuwa ba.

Maganar batsa ba zan tsallake ta ba don iyaye na tambaya. Wannan da na karanta da sauƙi, ta rubuta na matan aure ne a sama kuma ba ta zurfafa ba, amma tallan wasu littattafan da ake jefowa cikin guruf ɗin ko sunansu ba zan iya maimaitawa ba, kuma ba wanda ya tambaye ni shekaruna kafin a saka ni, alat kawai aka duba. A zamanin takarda Kano tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, har ƙona littattafai an yi a 2007 lokacin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Kano mai suna A Daidaita Sahu, ni ban goyi bayan ƙona littafi ba ko a lokacin, amma yanzu ko wanda za a kama a ƙona ɗin babu, yana cikin wayar yarinya ƙarƙashin filo. Wannan aikin ya dawo kan uwa, ki san guruf ɗin da 'yarki take ciki.

To zan sake biya? Zan sake, amma ba yanda na yi ba. Marubuciyar tana da baiwa, hirar da take saka wa a bakin tsofaffi kamar kina zaune a tsakar gida, kuma shafukanta na farko da ta rubuta a natse kafin mu shigo mata sun fi komai kyau a littafin. Nan gaba sai na tambaya ko an gama rubuta labarin kafin a fara saki, in an gama in biya ko 1000 ne a ba ni a haɗe in karanta abuna, in kuma kullum ake rubutawa to in shiga da sanin hira na je yi. Wadda ke zaman kaɗaici, miji na tafiye-tafiye ko tana aure nesa da gida, guruf ɗin zai ɗebe mata kewa sosai, ta dai kashe saukar hotuna da kansu tun ranar farko in ba haka ba datar wata guda ba za ta kai mako biyu ba.